Abin da Harisu Ya Bari a Cikin Kwamfuta

Harisu ɗan Malam Abdulwahidu ne, limamin wani ƙaramin masallaci a tsohon Zongon Lome. Kakansa ya biyo fatake daga ƙasar Katsina, ya zauna yana ba da karatu, bai sake komawa ba. Kowa ya ɗauka Harisu zai gaji limanci, amma tun yana lakwal, wato makarantar boko, kansa ya karkata ga lissafi. Yana da shekara ashirin aka tashi Zongo daga tsakiyar gari, aka mai da mutane can arewa, inda babu komai sai ciyawa da jar ƙasa. Malam bai shekara a sabon wurin ba Allah ya yi masa rasuwa. Ƙanwar Malam, Goggo Ajaratu, mai sayar da koko da ƙosai a tashar manyan motoci, ita ta riƙe gidan.

Harisu ya sami aiki a wani kamfani kusa da tashar jirgin ruwa, masu fitar da kaya suna ɗora wa motocin Yamai da Wagadugu. Suna da reshe a Yamai, da wani a Ankara ta Gana, kuma duk maganarsu da rassan ta teleks ake yin ta, wato na'urar aika rubutu ta waya. Mai buga teleks ɗin shi ne Kimba, mutumin Dosso, dogo, mai yawan dariya, ya girme wa Harisu da shekara goma sha wani abu. Unguwarsu ɗaya, don haka kullum da safe Kimba ke ɗauko shi a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, su yi ta hira har bakin teku.

A shekarar 1985 darakta ya sayo kwamfuta, saboda abokan hamayya suna jin labarin jiragensu tun kafin su iso. Ta zo da wani kundin manhaja a faifai, aikinsa kulle saƙo. Kimba zai buga magana da Faransanci, kundin ya dagula ta ta koma tarin haruffa marasa ma'ana, ta bi waya a haka, sai kwamfutar reshe ta warware ta. Baturen da ya zo koyarwa ya yi mako biyu ya tafi. Cikin ma'aikata duka Harisu kaɗai ya gane, sai aka ɗora masa kula da ita.

Ba a daɗe ba aka fara samun matsala. Saƙo zai taso daga Ankara, rabinsa ya warware lafiya, sauran ya fito shirme. Darakta ya yi ta faɗa. Shi kuwa kundin a rufe yake, ba a buɗe cikinsa balle a gyara. Harisu ya kwana uku yana bin littafin bayaninsa da yatsa, har ya kai wani shafi da ya tsayar da shi. Ashe waɗanda suka yi kundin sun bar wata ƙofa. Mutum zai iya rubuta 'yar ƙaramar manhaja tasa ya ba kundin sunanta. Daga nan, duk lokacin da kundin zai karanta wani abu ko zai rubuta, sai ya kira ta kafin ya yi, ya sake kiranta bayan ya gama, ya gaya mata abin da ya nema, da abin da ya samu, da yawan haruffan.

Harisu ya rubuta tasa, layi ashirin da 'yan kai. Ba ta taɓa komai, iyaka duk abin da aka gaya mata ta tura wa tsohuwar firinta da ke ɗakin ajiya, ta buga shi da lokaci da sunan kamfani da harafin farko na sunan mai aiki. Kafin la'asar ya ga laifin da idonsa. Kundin ya nemi harafi sittin da huɗu, waya ta ba shi hamsin da ɗaya, amma manhajar kamfani ta ɗauka duka sun iso, ta wuce gaba. Ya gyara ta yadda za ta jira ragowar. Tun daga ranar saƙo bai sake lalacewa ba.

Darakta ya yaba masa a gaban kowa. A hanyar komawa gida Kimba ya waiwayo yana tuƙi ya ce, “Malam ƙarami, gaya mini gaskiya. Wannan kullen naku, da gaske ba mai iya karanta shi?”

“Yaya Kimba, ko sun yanki wayar sun kai gida, shirme za su gani,” in ji Harisu. “Daga kai sai mutumin Ankara.”

Ya san akwai na uku. Littafin ma ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa a cire irin wannan manhaja da zarar an gama gyara, domin tana ganin saƙo tun kafin a kulle shi. Ranar farko ya ce bari ya bar ta mako guda ya tabbatar. Mako ya wuce, wata ya wuce. Gaskiyar ita ce abin yana yi masa daɗi. Ya shiga ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, ya ga duk abin da ya shiga kwamfutar da wanda ya fita, ya san labarin da ko mataimakin darakta bai sani ba. Bayan wata uku ɗokin ya sake shi, ya daina karantawa, amma bai cire ba.

Takarda kuwa ta yi ta taruwa, doguwa mai huji a gefe. Wata rana Goggo Ajaratu tana ƙorafin takardar buhun siminti tana ɓata mata ƙosai, sai ya ce yana da wadda ta fi. Ya riƙa ɗauko mata dami duk Asabar. Ta yaba ƙwarai, ta ce tana shan mai, ba ta yagewa. Ko sau ɗaya bai tsaya ya duba abin da ke jiki ba.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, mutum ba ya faɗin wata magana sai ya duba hagu da dama. A ƙarshen 1986 aka yi harbe-harbe a gari, aka rufe iyakar Gana, aka shiga neman mutane. Kimba yana da ƙanwa, Rabiatou, mijinta Mamadou direban babbar mota ne, rufe iyakar ya rutsa da shi a Ankara. Sai aka fara raɗe-raɗin wai motarsa ta taɓa ɗauko wasu da ake nema. Kimba bai gaya wa kowa ba, ya buga wa akawun reshen Ankara layi uku a ƙarƙashin wani saƙon shinkafa: a gaya wa Mamadou kada ya dawo, an zo gida nemansa sau biyu, Rabiatou ta sauka lafiya, mace ce.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, mutum uku cikin farin kaya suka shigo ofis. Ba su ɗaga murya ba. Suka ce Kimba ya zo ya amsa wata 'yar tambaya. Ya tashi, ya miƙa wa Harisu makullin mobilet ya ce, “Riƙe mini, yanzu zan dawo.”

Da Harisu ya isa gida da yamma ya tarar Goggo ba ta jiƙa waken gobe ba, tana zaune a kan turmi. Ta ja shi ɗaki.

“Shekaranjiya wani ya sayi ƙosai, ya tsaya yana karanta takardar har ƙosan ya huce,” in ji ta. “Jiya ya dawo da wani, suka kwashe sauran duka. Suka ce ina nake samu.”

Harisu ya ce, “Me kika ce musu, Goggo?”

“Na ce wajen masu shara na bakin teku nake karɓa. Me ke cikin takardar nan, Harisu?”

Ya gaya mata. Ta ce, “Ubanka ya bar mini kai amana. Ka kama bakinka. Ko ka yi magana ba za su sako shi ba, ku biyu za su haɗa.”

Washegari ya riga kowa zuwa ofis. Cire manhajar bai ɗauke shi minti biyu ba. Ya kwashe takardun da suka rage ya ƙone su a bayan gareji. Da darakta ya tara ma'aikata yana tambayar yadda saƙon da aka kulle ya fita, Harisu ya ce ta wajensu dai kullen lafiya yake, sai dai a bincika can Ankara. Yana faɗa yana jin ɗacin maganar a bakinsa. Aka yarda da shi, domin ba wanda ya san kwamfutar kamarsa.

Ya kai mobilet gidan Kimba, ya miƙa wa matarsa Salamatou makulli. Ta yi masa godiya har da hawaye. Daga nan duk Juma'a sai ya kai musu shinkafa ko kifi, ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya juya. Mutanen unguwa suka riƙa cewa ɗan Malam ya gaji halin ubansa. Wannan yabon ya fi komai cin ransa. Ya rame, ya daina zama a majalisa, in an matsa masa ya ja salla sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ƙosan Goggo ma ya daina ci, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

Wata goma sha huɗu Kimba ya yi a tsare. Ya fito kunnensa na hagu ba ya ji, hannunsa na rawa, ba ya iya buga teleks. Waɗanda suka tsare shi ba su taɓa nuna masa takardar ba, karanta masa kalmominsa kawai suka yi, ɗaya bayan ɗaya. Tun a can ciki ya yi ta juya abin, ya tsayar da cewa Mamadou ne. Mamadou mutum ne mai surutu, lalle ya karɓi saƙon ya yi ta nuna wa direbobi a tashar Ankara, inda kunnuwa suka fi yawa. Ranar da aka zo yi masa barka, a gaban jama'a, Kimba ya ce bakin mijin ƙanwarsa ne ya sayar da shi, kuma ya rantse ba zai sake taka gidan Rabiatou ba. Harisu na zaune a gefen tabarma, kansa a sunkuye.

Shekara biyu aka yi a haka. Mamadou ya ji abin da aka ce, ya aiko da rantsuwa, ba a saurare shi ba, shi kuma tsoro da kunya suka hana shi dawowa. Rabiatou ta zama ba miji a kusa, ba ɗan'uwa. Harisu yakan gan ta a bakin famfo da 'yarta, sai ya sake hanya. Ya yi aure a tsakanin nan, ya sami ƙarin girma a wurin aiki, har ana aiko masa ma'aikatan wasu kamfanoni ya koya musu. Duk wanda ya koya wa yadda ake bin sawun abin da ke shiga da fita, sai ya tsaya a kansa har ya ga ya cire manhajar da hannunsa. Suna ce masa mai tsanani.

A damanar 1990 Kimba ya yanke shawarar komawa Dosso da iyalinsa. Ranar tafiya Harisu ya raka su tasha. An gama ɗaure kaya, Salamatou ta hau, direba na duba taya. Kimba ya kama hannunsa ya ce, “Malam ƙarami, abin da ka yi wa gidana, Allah ne kaɗai zai biya ka.”

Harisu ya zagaya ta ɓangaren kunnen da ke ji. “Yaya Kimba, ba Mamadou ba ne. Ni ne.”

Ya faɗa masa duka, manhajar, da firintar ɗakin ajiya, da damin Asabar, da ƙaryar da ya yi wa darakta. Bai rage komai ba sai sunan Goggo a maganar yin shiru. Kimba ya saki hannunsa a hankali. Ya juya ya dubi rumfar Goggo Ajaratu da ke can ƙetaren tasha, hayaƙi na tashi.

“Ƙosai,” ya ce. “Wata goma sha huɗu, a kan takardar ƙosai.” Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da tasa ta da ba. “Ranar da na tambaye ka a kan mobilet, ka sani?”

“Na sani.”

“Ranar da na zagi Mamadou a gaban mutane, kana wurin.”

“Ina wurin.”

Direba ya danna oda. Harisu ya ce, “Ka yafe mini, don Allah.”

“Kada ka tambaye ni wannan yau,” in ji Kimba. “Kunnena ya riga ya tafi. Amma na raba yarinya da mijinta, na raba ta da ni, a kan abin da ba su yi ba. Ni ba ni da fuskar da zan je. Kai za ka je. Ka gaya wa Rabiatou kamar yadda ka gaya mini, ka rubuta wa Mamadou, ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗa wa waɗanda suka ji ni. In ka yi, labari zai same ni.”

Ya hau mota bai waiwayo ba.

Harisu bai koma gida ba. Daga tashar ya bi lungun bayan makarantar Islamiyya har gidan Rabiatou. Ya same ta tana wanki, ta kawo masa kujera, ya ce a tsaye zai yi magana. Da ya gama ta tsame hannunta daga ruwan, ta ce ya fita mata daga gida, kuma har ta bar Lome ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. Ranar Juma'a ya faɗa a ƙofar masallaci. Wasu suka daina kula shi, Goggo ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba, darakta kuma da labari ya kai masa ya sallame shi.

Mamadou ya dawo bayan shekara ɗaya, lokacin da abubuwa suka fara sassautawa, ya kwashe iyalinsa suka koma Gana. Harisu ya buɗe ɗan shagon gyaran na'urori a hanyar Agbalepedo, a nan ya tsufa. Ya rubuta wa Kimba wasiƙa huɗu. Amsa ɗaya ta zo, ta hannun wani direba, da baki: Kimba ya ce ya ji, kuma yana gaida Goggo.