Labbo Mai Rediyo da Gwangwanin Ladan

Da an idar da sallar asuba, Malam Labbo zai kinkimi akwatinsa ya nufi rumfarsa a bakin kasuwar ƙauyenmu, can gaba da Turba. Ya hura gawayi, ya tura ƙarfen dalma a ciki, ya zauna jiran rediyon da ta daina magana. Tun yana saurayi yake wannan aiki har gemu ya yi fari. Labbo ba ya yar da komai. Guntun waya, matacciyar tocila, tsohon batir, duk suna cikin buhunsa, har matarsa Saude kan ce da shara tana da sarauta, da tuni an naɗa mijinta.

Wanda bai zauna yankin nan ba, ba zai san darajar lasifikar masallaci a wurinmu ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar, gari ya yi yarjejeniya: in an watse an shiga gona, kowa ya lafe, kada ya fito sai ya ji muryar Ladan Yero ta lasifika. Dalili kuwa, mun ji yadda ake yaudarar mutane da kiran "ku fito, sun tafi". Muryar Yero kuwa ko yaron goye ya san ta.

Wata rana da damina, gero ya rufe mutum, aka ji rugugin babura daga hanyar Tozai. Kafin ka ce kwabo gari ya zama kufai. Ashe fatake ne suka ratso daga Nijar. Sai dai garin gudu wani ya tattake makirufon masallaci, ya yi raga-raga. Cikin waɗanda suka shige gero har da Bilki, 'yar Labbo, wadda ta zo goyon ciki, naƙuda kuma ta kama ta tun hantsi. Saude ta ja ta wani gefe, ungozoma ta yi nata gefen. Ga babu sabis ɗin waya, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Mazan da suka gane babu komai suka bi gonaki suna kira. Ba wanda ya amsa. Suna kira, mutane na ƙara nutsawa ciki. Yero kuwa tsoho ne, muryarsa ba ta wuce katangar masallaci.

Labbo ya zazzage buhunsa a bakin masallaci. Ya fasa wata matacciyar rediyo, ya ciro 'yar lasifikarta. Ya huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, ya cusa ta ciki, ya tokare da tsumma, ya jawo wayar tsohon babur. Waɗanda suka gani sun ce dalmar farko ma a yatsansa ta zuba, bai ko tsaya dubawa ba.

Yero ya juya gwangwanin ya ce, "Labbo, cikin wanga abu za ni magana? Wagga 'yar lasifika ai hidda magana takai, ba ɗauka ba."

"Malam, abin da ka hiddawa, in an juya shi yana ɗauka."

"To gwada mu ji."

"Ba ni gwadawa. In sunka ji muryar da ba taka ba, cewa za su yi an kame masallaci. Ɗiyata na cikin geron ga, Malam. Sau guda za mu yi."

Ya jona waya, ya murɗa na'urar lasifikar masallaci a hankali. Lasifika ta yi wani gurnani, Labbo ya runtse ido, don ya san in ta yi kuwwa shi ke nan, ba wanda zai fito. Yero ya yi bisimilla, ya kai baki. Muryar ta fito a shaƙe, kamar mai mura, amma tasa ce. "Jama'a, Yero na. Lahiya lau. Ku hito. Ungozoma, ki yi gidan Labbo."

Can sai gero ya fara motsi. Aka fito da Bilki a zane, mata na riƙe da gefe-gefe. Ta sauka lafiya a ɗakin uwarta, ruwa na dukan rufi.

Malam Labbo, kai ne maƙerin da ba shi da uwar maƙera. Kai ne ka tsinci abin da muka zubar, muna maka dariya, ranar wuya ka dawo mana da iyalanmu da shi. Ba ka taɓa zama ka ba da labarin nan da bakinka ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya raya abin da aka haifa.

Bana idanunsa sun gaza, ba ya ganin bakin waya, ya ce bayan kaka zai rufe rumfa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne har yau babu wanda ya zauna ya koya. Samarinmu, ku je tun yana nan. Da na gaya masa zan yi wannan rubutu, sai ya girgiza kai ya ce, "Ka bar yabo. Ka samo man yaro mai ido, in nuna mashi inda aka ɗiga dalma."