Wa Zai Auna Mana Maganin Ruwa, Philomise?

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Philomise Exantus, matar da ke zuba mana kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan sha a nan bakin kogin Latibonit. Hawan jini ne, ba kwalara ba. Amma da labarin ya iske ni, Allah ya sani, tsoro ne ya fara kama ni kafin hawaye su zo.

Yaya Philomise, tun shekarar da kwalara ta kwashe mana mutum goma sha ɗaya cikin mako guda, har da mijina, kike zama a gindin mangwaron hanyar kogi da galan da sirinji. Babu bokitin da ke wuce ki. Ki leƙa ruwan, ki sansana, ki ɗiga abin da ya dace. In kogi ya yi ja bayan ruwan sama, ki ƙara. Muka laƙaba miki Madan Kulorin, wato Uwargida Kulorin, muka ce kin ɓata mana ɗanɗanon kofi. Ban manta ranar da Dieusibon mai injin casar shinkafa ya zagaye ta cikin gonar ayaba da bokitinsa ba. Kika bi shi har ƙofar gida.

"Kai, ƙaton banza! In mutuwa kake so, je ka yi kai kaɗai. Yaran me suka yi maka?"

Ya dire bokitin yana ƙunƙuni.

Sau nawa kika ce in zauna ki koya mini yadda ake dama garin maganin? Na ce gobe. Dukkanmu gobe muka ce.

Yanzu abin da ya rage a galan ɗinki bai wuce na kwana biyu ba. Garin maganin yana ɗakinki, ba wanda ya san cokali nawa ake sawa: ya yi yawa ya ƙona maƙogwaro, ya yi kaɗan aikin banza. Kwana uku ke nan ana tafka ruwa, masai biyu sun cika sun malalo hanya. Ranar Asabar kuma ƙauyuka huɗu za su hallara jana'izarki, a ci, a sha, a yi ta musabaha. Tsoro nake ji, Yaya. Tun jiya jikanyata Mirlande ke cewa cikinta na murɗawa, na kasa ɗauke ido daga kanta.

Ubangiji ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya ba ki hutun da muka hana ki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Tonton Exantus da 'ya'yansu, Wisly da Nadège. Allah ya ba ku dangana. Ku kuma masu zuwa, don Allah kowa ya tafaso ruwansa daga gida, ya riƙo sabulu. Kada a ce taron binne ta ne ya dawo mana da kwalara.