Kimba Ba Ya Hawa Antan

Duk Dakoro an san Kimba mai rezo, wato mai haɗa wa mutane intanet, kuma an san abu biyu game da shi: ba inji da ya taɓa gagarar sa, kuma ƙafarsa ba ta taɓa wuce mataki na uku na tsani ba. Shi yana cewa gwiwa ce. Rhissa, mai gadin shagonsa, Ba'abzine da ke wasan taubasai da duk Bazabarmen da ya gani, irin su Kimba, ya ce gwiwar nan lafiyarta lau in an ajiye tuwo a kan bene.

Kimba ya zo garin nan da gyaran rediyo, ya koma salula, daga baya ya kafa dogon ƙarfe a bayan shagonsa, ya sa aka ɗora masa antan, wato eriya, da wani ɗan akwati a can ƙoli. Daga nan yake raba wa unguwa intanet. Akwatin kuwa daga ƙasa yake ba shi umarni, yana zaune kan tabarma, odinatar, wato kwamfuta, a cinya.

Ran wata Alhamis da hantsi sai ga Madam Rahinatu, sakatariyar wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta, lulluɓinta a hannu.

"Malam Kimba, sunayen ƴan jarrabawar brebe nike aikawa. Yara arba'in da ɗaya. Ƙarfe goma sha biyu za a rufe, rezonka kuma ya zo ya tahi, ya zo ya tahi. In ba su shiga ba, sai baɗi."

Kimba ya duba, ya yi tsaki. Kowane katin rezo yana da lambarsa ta haihuwa, wadda ake cewa adireshin MAK. To sabon akwatin da wani maƙwabci ya sayo da araha a Maraɗi ya zo da lamba iri ɗaya da na kan ƙarfen. Saƙo in ya taso sai ya rasa gidan da zai shiga.

"Raƙuma biyu, shaida ɗaya," in ji Rhissa. "A garinmu Tagriss da tuni an zare takobi."

Maƙwabcin ya kulle gida ya tafi Kornaka. Saura a sake wa na sama lamba. Yadda aka saba, sai a kashe katin, a sake lambar, a kunna. Amma ta wannan katin Kimba ke magana da akwatin. In ya kashe shi, ba mai kunnawa sai wanda ya hau.

Rhissa ya jawo tsani ya jingina, har da kakkaɓe shi da rawani. "Bismilla, taubashi. Ni zan riƙe maka takalma."

"Ajiye tsaninka. Ana sake wa raƙumi shaida yana cikin tafiya."

"A garinku?"

Kimba ya jawo odinatarsa. Shekara uku da suka wuce, da zai sayi katin nan, sai da ya gwada guda huɗu a kan tebur kafin ya sami wanda ke karɓar sabuwar lamba yana cikin aiki. Mai sayar da katin ya ɗauka tsabar iyayi ne.

Kimba ya rubuta layi ɗaya, ya karanta shi sau biyu, ya danna.

Allon ya tsaya cak. Rahinatu ta dubi agogo, Rhissa ya dubi tsani, Kimba ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa a hankali. Sai da sauran injuna suka gane baƙuwar lambar, sannan rubutu ya dawo yana gudu.

Sha biyu saura kwata sunan yaro na arba'in da ɗaya ya shiga. Rahinatu ta yi ta sa albarka har bakin ƙofa.

Rhissa ya mai da tsani yana gunaguni. "Wato duk ilimin nan tsoro ne ya koya maka shi."

"Gwiwa," in ji Kimba.