Manyan Tayoyin Motar Baba

Wata ranar Laraba, a bazarar da nake shekara tara, Turawa suna mulki tukuna, mahaifina ya dawo gidanmu na Haɗeja da tayoyin da suka kai mini ƙirji. Direba ne, yana ɗauko busasshen kifi daga Guri a wata tsohuwar motar soja. Kowace damina ƙananan tayoyinta sukan nutse, cikinta ya zauna a laka, kifin mutane ya jiƙe ya ruɓe. Ni da ƙannena muka yar da tsintsiya, muka dinga gara manyan tayoyin a ƙofar gida har Inna ta kira mu daka.

Da aka ɗaura su motar ta yi tsayi, amma ƙarfinta ya tafi. Ko ɗan rairayi ta shiga sai nishi, Baba ba ya iya fita daga giya ta ɗaya, mai kuma ya ƙare tun ba a yi nisa ba. Inna ta ce ya mayar da na da. Malam Modu makanike ne ya gano matsalar. Ya ce babbar taya ta fi wa injin wuyar juyawa, sai an canja haƙoran ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, yadda injin zai ƙara yawan juyi kafin taya ta zagayo. "Ba za ta yi tsere ba, Malam Garba, amma za ta ja," in ji shi. Kwana uku suna ƙarƙashinta. Ta daina nishi, shan man ma ya ragu.

Ƙarshen daminar nan ina korar tsuntsaye a gonar shinkafar kakata kusa da Guri, maciji ya sare ni a idon sawu. Ruwa ya shanye hanya, kowa ya ce mota ba za ta wuce ba. Baba da Inna suna Guri a lokacin; Baba ya ɗora ni a cinyar Inna a cikin motar, ya yi bisimilla, ya shiga fadamar. Ina jin laka tana kama mu tana saki, motar tana tafiya a hankali, ba ta tsaya ba. Kafin la'asar muna asibitin Haɗeja.

Yanzu akwai kwalta, jikokina suna zuwa Guri su dawo kafin tuwo ya nuna. Ni kuwa ban taɓa yin tafiyar da ta kai ta ranar saran macijin nan sauri ba.