Wankin Kuzar Kaka

Har yau in ruwan sanyi ya taɓa mini hannu da safe, Kaka nake tunawa. A gidanta na tashi a Gangare, kuma in ka san sanyin Jos, ka san ba abin wasa ba ne. Tun da mijinta ya rasu ta kama wankin kuza. Takan bi wasu mata zuwa tsofaffin ramukan haƙa a bayan gari, ta tsaya cikin ruwa har gwiwa tana juya yashi a ƙwarya, sai baƙin garin kuzar ya kwanta a ƙasa. Ta dawo yatsu duk sun tsage, tana warin laka, tana tsokanata wai ban iya komai ba sai cin tuwo.

Da kuzar nan aka yi wa ɗanta, Kawu, boko. Shi ya koya mini karatu, shi ya raka ni jami'a ranar farko. Na girma ina ganin babu kamarsa.

Yanzu ilimin tattalin arziki nake koyarwa, bincikena kuma a kan aikin mata ne, irin wanda ake ci ake sha da shi amma ba a kiransa aiki. Da aka ba ni damar yi wa jama'ar gari lacca, na buɗe da labarin Kaka. Ni da kaina na zaunar da Kawu a kujerar gaba don ya ji daɗi.

Lokacin tambayoyi sai Kawu ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Malama ta yi ɗan kuskure," in ji shi. "Mahaifiyarmu matar kulle ce, ba ta taɓa aiki ba. Yarinta ce ta ruɗe ta."

Aka yi dariya. Mutumin da ya sha tarar Kaka a hanya ya karɓar mata ƙwarya! Da muka fito ya ja ni gefe.

"Ke 'yar nan, surukaina na zaune a wurin. Asiri za ki tona mana?"

Kawuna ne. Har gobe ina durƙusawa in gaishe shi, amma abin bai bar raina ba. Jikokinsa duk sun haddace cewa Kaka ta rayu a ɗaki ana kawo mata komai, kuma matan da za su ƙaryata sun ƙare. Kaka ta koma ga Allah ba ta taɓa jin kunyar aikinta ba. Kunyar sai da muka yi boko muka samo ta.