Bangon da Sauro Ba Ya Ɓuya

Da muka kama ɗaki a Zangon Sokode, bangon siminti ne tsirara. 'Yata ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ni kuwa ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi. Maigidana ya ce zai yi mana fenti. Ya roƙo ɗan kaɗan a gwangwanin tumatir biyu, ɗaya ruwan madara, ɗaya shuɗi mai haske kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Ya shafa su kusa da juna, kowanne faɗin faifai.

"To Hajiya, zaɓi ɗaya."

Na kira Inna a Dapaong, na haska mata bangon ta waya. Ta matso har hancinta kaɗai nake gani.

"Ke, duk fari ne! Don wannan kika tashe ni daga tuƙin tuwo?"

Gaskiya shuɗin ne ya shiga raina. Amma ba kyau nake nema ba. A kan simintin nan sauro ke laɓewa, ban ganinsa sai ya gama da yarinyar. Da magariba na sa ta cikin gidan sauro, na jawo kujera na zauna gaban fentin, silifa a hannu. Sauro ya sauka a ƙofa, ya sauka a ƙafata, ya ƙi fentin.

Maigida ya dawo daga aikin zemijan, wato acaɓa, ya kafe babur, ya tsaya a kaina.

"Wannan talabijin ɗin wace tasha yake kamawa?"

"Sauro nake jira ya sauka."

"Kin kai masa goron gayyata kuwa?"

Na ci gaba da zuba wa bangon ido. Can sai ga ɗaya a kan shuɗin. Ina ƙifta ido ya ɓace mini, alhali yana nan. Ya tashi ya koma kan ruwan madarar, sai ga shi ɓaro-ɓaro, har ƙafafunsa nake gani. Tas! Na ba shi silifa.

"Wannan," na ce.

Da Inna ta zo ganin jikarta bayan damina, ta daɗe tana duban bangon. Sawun silifa ko'ina, har kusa da rufi inda nake hawa turmi.

"Mai fentin nan da takalmi ya yi aikin?"

Sannan ta ɗaga yarinyar, ta juya cinyoyinta tana neman cizo. Ba ta samu ko ɗaya ba.