Bidon ruwan teku

A cikin duk ilimin da ɗan Adam ya tara tun farkon duniya, daga lissafin taurari har zuwa haƙar rijiya, babu wanda ya kai ilimin fita daga Gaya wuya, kuma babu wanda marubuta suka yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Na karanta labaran matafiya da dama, na Larabawa da na Turawa, da waɗanda suka ratsa hamada da waɗanda suka ratsa kurmi. Duk sun yi dogon bayani a kan ƙishirwa da ƴan fashi da zazzaɓi. Ko ɗayansu bai ce uffan a kan sallama ba, wato zagayen nan da mutum yake yi gida-gida yana shaida wa dangi zai yi tafiya. Ina jin su ba su da dangi.

Na koyar da labarin ƙasa a lekol, wato makarantar boko, har furfura ta cika mini kai. Garinmu kuwa gari ne da kowa yake wucewa ta cikinsa. Ka bi nan ka faɗa Binin, ka bi can ka faɗa Najeriya, manyan motoci suna ta kai da kawowa, ƙurarsu ce kawai take zama tare da mu. Na zana teku a allo da shuɗin alli sau babu adadi. Na koya wa yara yadda take cika da yadda take janyewa, da hannun da wata yake da shi a cikin lamarin. Ban taɓa ganinta ba. Iyakata ta kudu ita ce kasuwar Malanbil, wadda in ka tsaya a bakin kogi kana iya hango rufinta. Tun ina saurayi nake cewa sai na tsaya gaban teku kafin in mutu, kuma na daɗe ina faɗin haka har mutane suka daina ji.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, sa'ana ne, tela. Benci guda muka zauna a lekol. Shi ne mutumin da aka taɓa kira gaban taswira ya nuna Lome, ya ɗora yatsa a arewacin Agadas, ya kuma tsaya a kan bakansa. Da ya bar wa ƴaƴansa shago, sai ya tsiri yawon duniya shi kaɗai, da jaka guda wadda ko kaza ba za ta shiga ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin kowace tafiya wurina yake zuwa.

"Bawan gidanmu," in ji shi, don haka yake kirana tun muna yara, "buɗe kan nan naka mai kama da kabewa, ka ba ni hanya."

Ni kuma sai in ba shi, don ba na iya jin tambaya in yi shiru, ciwon aikinmu ke nan. In ce masa ya sa katin rigakafi mai ruwan ɗorawa wuri ɗaya da takardar shaidarsa, don a kan iyaka tare ake neman su. In ce in zai yi kudu da safe ya zauna a hannun dama na kar, wato babbar motar fasinja, don rana tana hagu. A Kwatano, ƴan zemijan, wato masu kabu-kabun can, ya gama magana da su tun ƙafarsa tana ƙasa. In yana son ganin garin nan da aka gina a kan tafki, ya tafi da sassafe, lokacin da mata suke cin kasuwa a cikin jirage. A Wida akwai gidan da ake girmama mesa, ya shiga da ladabi ko da zuciyarsa ba ta so. Duk wannan na tsince shi ne daga littattafai da bakin direbobi a tasha.

Sai ya tafi, hotuna su fara shigowa wayata. Ga shi a cikin jirgi tsakanin gidaje masu ƙafafu. Ga shi da mesa a wuya yana dariya kamar an naɗa masa sarauta. Ga shi, Allah ya gani, tsaye cikin teku har gwiwa, ya naɗe wando, hularsa a karkace. A ƙarƙashin wannan hoton ya aiko da murya, yana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lekol a wurinmu: "Mushe, ruwan nan naka da gaske gishiri ne. Ka ci jarrabawa." Na saurara sau ɗaya na kife wayar. Abincin rana ma a ranar ban ji ɗanɗanonsa ba. Mutumin da ya kai Lome cikin hamada, shi ne teku ta wanke wa ƙafa, da shawarata kuma.

Sirrinsa guda ne, kuma ba daga wurina ya samo shi ba: ba ya sallama. Yana idar da sallar asuba sai ya ce wa matarsa za shi sayen zare. Sai ya ƙetare kogi sannan ya kira ta ya faɗi gaskiya. Ni a ganina wannan rashin tarbiyya ne, na kuma sha faɗa masa.

Da na ajiye alli, na ce to, bana sai teku. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, in dai ruwan nan kake son gani, ka yi irin ta taubashinka. Ka ce za ka sayen zare."

"Ni na yi kama da mai sayen zare? Ni ba ɓarawo ba ne da zan sulale daga garinmu."

"To, Allah ya kai ka lafiya," in ji ta, da wata irin murya da ban so ba.

Na sa babbar riga na zaga dangi. Ga wanda bai san Gaya ba, bari in yi bayani. Babu gidan da ba shi da wani a Kwatano, ko ɗa a tashar jiragen ruwa, ko ƙane a kasuwar albasa, ko ƴa da aure ya kai. Duk wanda ya ce zai je, ya zama motar kaya. Kuma kowane saƙo da kalma ɗaya yake zuwa: "Ba nauyi." Busasshen kifi ba nauyi. Kilishi ba nauyi. Shinkafar da aka aiko daga Yelu ba nauyi. Wata gwaggo daga Karakara ta ji labari, ban san ta yaya ba, ta aiko da garin magani a ƙullin tsumma da zabi biyu masu rai. Kan keken ɗinki ma an ce mini ba nauyi, mutum biyu ne suka shigo da shi.

Ana gobe zan tashi, ina zaune a zaure tsakanin kayan, sai ga taubashina ya shigo yana kaɗa bido, ƴar jarkar roba, babu komai a ciki. Ya dubi tulin kaya, ya dubi zabin, ya zauna ya yi dariya har da tari.

"Kai bawan gidanmu, ƙaura za ka yi? Ina ka bar tukunyar tuwo?"

"In ba'a ta kawo ka, ga hanya."

"Saƙo ya kawo ni, kamar kowa. Nawa ma da gaske ba nauyi, sai a dawowa. Gwiwa ta dame ni, an ce in riƙa shafa ruwan teku. Ka cika mini wannan."

"Kai da ka yi wanka a cikinta, ba ka ɗebo ba sai yanzu?"

"Lokacin gwiwar ba ta fara ba. Kuma da hannunka za ka ɗebo, ka ji? Ka naɗe wando ka shiga, ban son na bakin gaɓa. Na san halinka. Abin da ranka yake so ba ka zuwa wurinsa, amma in aike ne, ko ƙarshen duniya ka je."

Na karɓi bidon ina tafasa. A raina na ce wato bai ishe shi ya riga ni ba, sai ya mai da ni mai ga-ruwansa.

A shekarun nan da gada take rufe, da jirgi ake ƙetarewa zuwa Malanbil. Mai jirgin ya dubi kayana ya tambaye ni ko mu nawa ne. A ɗaya gaɓar, ma'aikaci ya duba katin rigakafina cikin ƙiftawar ido, sannan ya ɓata lokaci mai tsawo a kan zabin, waɗanda ba su da kati. Kafin a gama ɗaure kayan a kan kar, kujerun hannun dama duk sun cika. Na zauna a hagu, can baya, rana tana gasa mini kunci har ta yi tsaka, ina tuna wanda na ba shawarar nan da yadda ya ji daɗinta.

Mai masaukina a Kwatano tsohon ɗalibina ne, yanzu babban dillalin albasa a Zongo, da tumbi da gemu. Ya tarbe ni kamar an ce masa ubansa ya dawo. Ya hana ni ɗaukar ko butar alwala.

Daga nan aka shiga rabon saƙo. Ba a miƙa saƙo a ƙofa a juya. Sai an shiga, an zauna, an ba da labarin gida mutum-mutum, wa ya haihu, wa ya rasu, ruwa ya kai ina bana. Sai an ci abinci. Kuma kowane gida, in za ka fito, sai a ce, "Af, Mushe, ga ɗan wannan a kai wa Inna, ba nauyi." Na ga Kwatano sosai, ba zan yi ƙarya ba, amma daga bayan zemijan na gan ta, da kan keken ɗinki a cinya. Na ga tsakar gidaje masu yawa, dukansu kamar an ɗauko su daga Gaya. Wani lokaci in iska ta juyo sai in ji wani ɗanɗano a leɓena, mai ɗanshi, mai gishiri. Na san ko mene ne, ni na koyar da shi. Na tambayi wani ɗan zemijan ina teku take, ya nuna da haɓa ya ce bayan gine-ginen can ne.

Ban damu ƙwarai ba, don na ware yammacin ƙarshe, kuma ina da hujja a hannu. Bayan la'asar na ɗauko bidon, na sa tsohon wando mai sauƙin naɗewa, na nufi ƙofa. Mai masaukina ya tare ni.

"Mushe, ina za ku da bido?"

"Saƙon taubashina ne. Ruwan teku, na gwiwa."

Ya tuntsire da dariya. "Haba Mushe! Ina raye ku je ɗiban ruwa? Ai duk baƙon da ya zo daga gida sai an aiko shi da wannan. Mun gaji da kai mutane, shi ya sa muka ajiye namu."

Ya karɓe bidon daga hannuna, ya nufi wani tano, babban duro shuɗi da ke kusa da murhu, ya buɗe, ya sa mazurari. Ina tsaye ina jin ƙarar ruwan yana hawa.

Na ce, "Ya ce da hannuna."

"To ku riƙe mazurarin, Mushe, shi ke nan an cika umarni."

Na riƙe. Ya toshe bakin da leda, ya ɗaure da zare, ya murɗa murfi. Na yi gyaran murya na ce duk da haka da na ɗan leƙa, in ga wurin kawai.

"Ruwa fa, Mushe? Ku da kuke da kogin Isa a ƙofar gida? Babu komai can sai iska da ƴan iska. Ga shi kuma an yi rasuwa a gidan mutanen Zabori, sun ji kuna gari. In kuka tafi ba ku yi musu gaisuwa ba, da wane ido zan dube su?"

Dattijo mai furfura ba ya cewa a bar ta'aziyya zai je kallon ruwa. Na canza wando. Muka zauna a kan tabarma har aka yi magariba, aka yi isha'i. Da asuba kar ta tashi, ni a hannun dama wannan karon, wanda in an nufi arewa da safe shi ne ɓangaren rana.

Da na gama rabon saƙon dawowa, wanda ya fi na tafiya yawa, na kai wa taubashina nasa a shago. Ya karɓa ya jinjina nauyinsa, fuskarsa ta washe yadda ban saba gani ba.

"To, bawan gidanmu, yaya ka gan ta?"

Na ba shi labari. Na faɗi yadda take tasowa kamar bango ta rushe, da farin kumfa, da yadda yashi yake zamewa ƙarƙashin ƙafa in ta janye, da yadda ido yake neman ɗaya gaɓar ya rasa. Ban taɓa yin darasin da ya kai wannan kyau ba. Yaran shagon har sun tsayar da kekuna.

Ya jujjuya bidon, ya dubi ɗaurin bakin, leda da zare, irin ɗaurin masu albasa. Ya ce, "Tanon nan shuɗi har yanzu yana kusa da murhu?"

Na ce ina da uzuri a gida.

Na yi kwanaki ban bi ta ƙofarsa ba. Ina zaune ina ta saƙa yadda har a wannan ma shi ne da riba, ya ga teku, ya san tano, ga magani kuma an kawo masa har gida. Daga baya na ga rashin kyautawar ta yi yawa, mutum yana ciwo ban tambaya ba. Na je gidan. Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce ba ya nan, tun asuba ya tafi sayen zare. Bidon yana bayan ƙofa, da ɗaurinsa yadda na kawo shi.

Na ce, "Yaya gwiwar tasa?"

Ta ɗago kai ta ce, "Wace gwiwa?"